Ciwon gwiwa da aikin gini: tambayoyin da birkiloli, leburori da masu tayil suka fi yi

Waɗannan tambayoyi ne da kullum suke dawowa daga bakin masu aikin gini da iyalansu, musamman waɗanda suka haura shekara 40 suna wannan sana'a. Na amsa su yadda na fahimta kuma da yaren da za mu gane juna, amma duk wanda gwiwarsa ke damunsa sai ya kai ta an duba da hannu, rubutu ba ya taɓa gwiwa.

Wai mene ne ma ciwon nan da ake cewa gwiwa ta cinye?

In ka taɓa raba gaɓar ƙafar rago ranar Sallah za ka ga wani farin abu mai santsi da sheƙi a bakin ƙashin, to guringuntsi kenan, irinsa ne a gwiwarka, kaurinsa 'yan milimita ne kawai, shi ne yake sa ƙashin cinya da na ƙwauri su riƙa zamewa a kan juna ba tare da gogayya ba. Amosanin gwiwa shi ne lokacin da wannan guringuntsi ya fara laushi yana tsagewa yana raguwa, ƙashin da ke ƙarƙashinsa ya yi tauri, gefen gaɓar ya fara tsiro da ƙananan ƙasusuwa, fatar da ta lulluɓe gaɓar daga ciki kuma ta riƙa kumbura lokaci-lokaci tana tara ruwa.

Guringuntsi ba shi da jijiyar jini, shi ya sa in ya lalace ba ya warkewa kamar fata ko tsoka. Kuma ba shi da jijiyar jin zafi, don haka zafin da kake ji daga ƙashi ne da sauran naman da ke kewaye, ma'ana kafin ka fara jin ciwo abin ya daɗe da farawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 528 ne ke da wannan ciwo na gaɓɓai a duniya, miliyan 365 daga ciki a gwiwa ne.

Aikin ne ya jawo min ko shekaru ne kawai?

Duka biyun, kuma ga gado ga ƙiba ga tsohon rauni. Amma kar wani ya ce maka aikin ba shi da hannu. Abubuwa uku aka fi tabbatarwa: daɗewa a durƙushe ko a tsugune, ɗaukar kaya mai nauyi akai-akai, da yawan hawa da sauka. Wanda ya haɗa tsuguno da ɗaukar nauyi shi ya fi kowa shiga haɗari, to ka duba aikin gini ka gaya min wanne ne babu a ciki.

A tafiya ta ƙasa ma ba ka ɗauke da komai, nauyin da ke sauka kan gwiwa a kowane taku ya kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinka, a hawan bene ya fi haka. Yanzu ka ɗora buhun siminti kilo 50 a ka ka hau da shi.

Ƙasar Jamus tun 2009 ta saka amosanin gwiwa cikin jerin cututtukan da aiki ke jawowa, ga wanda ya tara awa 13,000 yana aiki a durƙushe ko tsugune. Adadin kamar da yawa, amma mai tayil da ke yin awa 4 a durƙushe kullum, kwana 300 a shekara, cikin shekara 11 ya cike shi. Yaron da ya fara koyo yana ɗan 17 kafin ya kai 30 ya wuce wurin. Birtaniya ma ta amince da shi ga masu haƙar kwal a 2009, sannan ga masu shimfiɗa kafet da daɓen ɗaki a 2012.

A wajen gini su wa abin ya fi kamawa?

Masu tayil da masu daɓe su ne a gaba, sai masu ɗaurin rodi da suke yini a tsugune a kan dakin, wato rufin kankare na bene, sai birkila lokacin da yake layukan ƙasa na fandisho, sai kafintoci masu hawa rufi, sai leburori.

Ka tsaya ka kalli ranar zuba dakin a wurin da babu injin ɗaga kaya. An kafa katako a karkace daga ƙasa zuwa bene, an buga ƙananan katakai a gicciye don taka ƙafa, mutane a jere kowa da kwanon sarki cike da kankare a ka, silifas a ƙafa ko ma babu, ana hawa ana juyewa ana saukowa da gudu don kar kankaren ya sha iska, daga safe har a gama domin ba a barin dakin rabi. Hawan ne ke gajiyar da mutum amma saukowar nan da sauri ita ta fi cin gwiwa, musamman da yamma da cinya ta gaji ta daina riƙewa, duk girgizar a gaɓa take ƙarewa. Wasu kuma in sun gaji da zagayawa sai su diro daga kan katakon ko daga bayan tifa, kuma dirowa ɗaya da ƙafa ta gurɗe tana iya yaga faifan guringuntsin da ke tsakiyar gwiwa ko ta tsinka jijiyar da ke riƙe ta, wanda ya taɓa samun irin wannan rauni haɗarin amosani a gwiwar ya ninka sau da yawa ko da bayan shekara 10 ko 15 ne.

An ce min ruwan gwiwata ne ya ƙare, wai in riƙa shan miyar kuɓewa da ganda. Gaskiya ne?

A'a. Ruwan gwiwa ba ya ƙarewa, sau da yawa ma yawa yake yi shi ya sa take kumbura. Kuɓewa abinci ne mai kyau ka ci abinka, amma yauƙinta a ciki yake narkewa ba ya tafiya gwiwa. Haka su ƙwayoyin gulukosamin masu tsada da ake tallatawa cewa suna mayar da guringuntsi, hukumar NICE da ke tsara ƙa'idar magani a Ingila ta ce a jagorarta ta 2022 kada a riƙa rubuta su domin ba a ga amfaninsu ba. Kuɗin gara ka kai wa fisiyo, wato masu gashin ƙashi da koyar da atisaye a asibiti.

Ta yaya zan gane shi ne ba wani abu ba? Gwiwata tana ƙara ƙas-ƙas in na miƙe.

Ƙara kaɗai ba tare da ciwo ba ba komai ba ne, matasa ma suna yi. Alamar amosani ita ce ciwo da yake ƙaruwa da aiki ya lafa da hutu, sanƙarewa da asuba wadda ba ta wuce minti 30 ba sai ta saki in ka fara motsi, wahalar tashi bayan ka daɗe a zaune, wahalar saukowa daga bene, wani lokaci kumburi bayan yini mai nauyi. Yawanci gefen ciki na gwiwa ke fara ciwo, in abin ya yi nisa ƙafar takan fara lanƙwasa waje kamar baka. Ga wanda ya kai 45 kuma alamunsa haka suke, likita yana iya gane shi da tambaya da dubawa ko ba a ɗauki hoto ba.

Masu tayil kuma akwai wani daban da ake rikitawa da shi, kumburi mai laushi a saman ƙoƙon gwiwa daga gaba, wannan jakar ruwa ce ta ƙarƙashin fata ta kumbura saboda durƙuso a kan ƙasa mai tauri, ba cikin gaɓar ba ne, kuma yakan sauka in aka huta masa. Sai dai in fatar wurin ta tsage ƙwayar cuta na iya shiga.

Yaushe ne ba a jira, sai asibiti a ranar?

In gwiwa ta kumbura cikin awanni ta yi zafi rau ga zazzaɓi kuma ba ka iya taka ta, dan Allah kar ka kwana da ita a gida, yana iya zama ƙwayar cuta ce a cikin gaɓa kuma tana iya lalata ta cikin 'yan kwanaki. Haka in ka faɗo ko ka gurɗe ta kumbura nan take, ko ta maƙale ta ƙi miƙewa, ko tana sulluɓewa ta kayar da kai, wannan na ƙarshen ga mai hawa tsani ba abin wasa ba ne. Mai sikila da mai ciwon suga su fi kowa gaggawa. In kuma ciwon yana tare da rama da zufan dare da tari, a duba tarin fuka domin yana kama gaɓa.

An min hoto likita ya ce gwiwar ta cinye. Shikenan na bar gini?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, domin na ga yadda kalma ɗaya take karya wa mutum zuciya. Hoto da ciwo ba kullum suke tafiya tare ba. Akwai ma'auni tun 1957 da ake raba hoton gwiwa daga mataki 0 zuwa 4, amma za ka samu mai mataki 3 yana aikinsa da ɗan ciwo kaɗan, ka samu mai mataki 2 ba ya iya barci. Abin da yake yanke ko za ka ci gaba da aiki shi ne ƙarfin cinyarka, nauyin jikinka, irin aikin da aka ba ka a wurin, da kuma ko za ka iya canja yadda kake yinsa. Kuma ba dole ba ne ciwon ya yi ta ƙaruwa kowace shekara, a wurin mutane da yawa yakan tsaya wuri ɗaya na tsawon lokaci, ya tashi ya lafa.

Abin da na ga yana raba mutum da aiki da wuri shi ne ɓoyewa. Mutum aikin yini yake yi, in bai fito ba babu cefane, in ya nuna ɗingishi gobe oga ba zai kira shi ba ga matasa nan a bakin titi da shebur suna jira, to sai ya haɗiye ƙwaya ya ci gaba da irin aikin da yake yi yana ɗan 25, shekara biyar shida a haka, ranar da ƙwayar ta daina aiki kuma gwiwa ta gama lalacewa ga ciki ga ƙoda. Ba laifinsa ba ne shi kaɗai, haka tsarin yake, amma shi ne zai kwana da ciwon. Wanda ya fara canja salo tun ciwon yana sabo shi ne yake kaiwa 60 a cikin sana'ar.

Akwai yadda mutum zai auna ko har yanzu yana iya aikin?

Akwai wani ma'aunin iya aiki da cibiyar lafiyar ma'aikata ta ƙasar Finlan ta ƙirƙiro a shekarun 1980, makinsa daga 7 zuwa 49, ana amfani da shi sosai a binciken masu aikin gini a Turai. Tambayarsa ta farko kowa zai iya yi wa kansa: in lokacin da ka fi ƙarfi a rayuwarka maki 10 ne, rashin iya aiki kwata-kwata kuma 0, yau nawa za ka ba kanka? Ka riƙa yi wa kanka ita duk bayan wata uku, ka haɗa da lissafin kwana nawa ka rasa a wata saboda gwiwa da ƙwaya nawa kake sha kafin ka fita. In makin yana sauka ƙwayar tana hawa, lokacin canja salo ya yi.

To me zan canja, tunda aikin dole sai an durƙusa?

Na farko kar gwiwarka ta sake taɓa ƙasa tsirara. Akwai takalmin gwiwa na roba mai soso da ake ɗaurawa, in babu ka yanko tsohuwar katifa ko kaurin soso ka nannaɗe da leda, takardar buhun siminti da ake ninkawa ba ta tare komai. Kuma kar ka durƙusa a kan ɗanyen siminti da wando jiƙe, siminti yana ƙona fata a hankali ba ka ji sai dare ka ga wurin ya saluɓe.

Mai tayil ya samu 'yar kujera gajera ko bokitin fenti a kife ya riƙa yin wani sashen aikin a zaune, yankan tayil da kwaɓi kuma a yi su a tsaye a kan tebur ko a kan bulo da aka jera, ba dalilin da zai sa ka yanka tayil a tsugune. Duk minti 20 zuwa 30 ka miƙe ka taka kaɗan. In za ka tashi ka dafa wani abu, ka sa ƙafa ɗaya gaba, kar ka tashi da kaya a hannu daga tsugune kana murɗa jiki, wannan murɗawar ita ke yaga faifan gwiwa.

Birkila ya sa a ɗora masa bulo da kwaɓi a kan wani abu daidai ƙugu, layukan ƙasa ya bar wa yaransa shi ya karɓa daga inda ginin ya taso. Buhun siminti a sa a baro ko mutum biyu su kama. Kaya zuwa bene a ɗaura kura da igiya a ja. A tsani ko bene, lafiyayyar ƙafa ke fara hawa, mai ciwon ke fara sauka. Dirowa kuma ka haramta wa kanka ita.

Sai magana ta nesa. Lebura da ya kai 35 yana ɗaukar kwanon sarki ya kamata ya fara koyon hannu, gini ko fulasta ko fenti ko wayarin ko tuƙa injin kwaɓi, birkila kuma ya koyi karanta zane da awo da lissafin kaya don ya zama mai duba aiki. Ƙarfi yana da wa'adi, kuma ilimin da ke kan tsohon birkila ana biyan kuɗi a kansa in ya san yadda zai sayar.

Likita ya ce in riƙa motsa jiki. Ni da nake yini ina aikin ƙarfi, wane motsa jiki kuma?

Na san abin yana ba masu aikin ƙarfi haushi, amma aiki daban atisaye daban. Aiki yana gajiyar da tsoka yana loda wa gaɓa nauyi a karkace na awanni, atisaye kuma yana gina tsokar gaban cinya da ta ɗuwawu cikin 'yan mintuna ba tare da ya matse gaɓar ba, kuma mai ciwon gwiwa ba tare da ya sani ba yakan riƙa kare ƙafar har cinyar ta rame, gwada ma ka auna cinyoyinka biyu da igiya. A duk jagororin magani na duniya atisaye shi ne maganin farko, gaba da ƙwaya.

Ka kwanta rigingine, ƙafa ɗaya a lanƙwashe ɗayar a miƙe, ka ɗaga miƙaƙƙiyar kamar taƙi ɗaya ka riƙe ka ƙirga biyar ka sauke a hankali, sau 10. Ka zauna a kujera ka tashi ba dafawa ka koma a hankali, sau 10. Ka maimaita kowanne zagaye biyu ko uku, yawancin kwanakin mako. Keke ma yana da kyau in sirdin yana sama. Da farko ciwon yana iya ɗan ƙaruwa, in ya lafa kafin gobe ka ci gaba, in ya kwana biyu ka rage. Sai an yi wata biyu zuwa uku ake ganin bambanci, a nan mutane ke sarewa. In da hali ka je sashen fisiyo ko sau biyu ne su nuna maka da hannu.

Haɗin da nake saya a kemis yana min aiki sosai, meye matsalarsa? Tiramol kuma fa?

Matsalarsa ba ka san me ke ciki ba. Haɗin nan na ƙwaya huɗu biyar a ƙullin leda sau da yawa za ka samu daikulofenak da ibufurofen ko firoksikam a tare, dukkansu dangi ɗaya ne, haɗa su ba ya ƙara sauƙi sai dai ya ninka illa, wani lokaci kuma har da sitiroyid irin su deksametason. Dangin daikulofenak suna cin bangon ciki su kawo olsa da zubar jini, suna ɗaga hawan jini, kuma suna rage jinin da ke zuwa ƙoda. Yanzu ka haɗa da mutumin da ya yini a ranar Afrilu yana zufa bai sha isasshen ruwa ba, ko yana azumi, ya sha su da safe ciki ba komai, kullum, shekara da shekaru. Wallahi ƙoda ba ta ɗaukar wannan, kuma wankin ƙoda ba abin da mai aikin yini zai iya biya ba ne. Sitiroyid na kullum kuma yana kumbura fuska, ya kawo suga, ya raunana ƙashi, kuma wanda ya daɗe yana sha ba a yanke shi rana ɗaya sai da likita.

Ba ana cewa kar a sha magani ba. Na shafawa, wato daikulofenak na man shafawa, shi ake fara ba mai ciwon gwiwa domin kaɗan ne yake shiga jini. Na haɗiya kuma iri ɗaya tak, mafi ƙarancin adadi, na 'yan kwanaki lokacin da ciwon ya tashi, bayan an ci abinci, kuma likita yakan haɗa da maganin kare ciki. Mai olsa, mai hawan jini, mai ciwon ƙoda ko zuciya kar ya sha sai an duba shi. In ka ga bayan gida baƙi kamar kwalta ko ƙafa tana kumbura, ka tsaya ka tafi asibiti.

Tiramol kuwa kowa ya san yadda ya shiga wuraren gini, ana sha don a yi aikin mutum biyu. Binciken ƙasa na 2018 da aka yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya nuna kusan mutum miliyan 4.6 a Najeriya suna shan irin waɗannan magunguna ba bisa ƙa'ida ba. NAFDAC miligiram 50 da 100 kawai ta amince da su, masu 200 da 225 da ke yawo haramtattu ne. Ba ya gyara komai a gwiwa, yana kashe jin ciwon ne ka ci gaba da nika ta, yana kama mutum, yana kawo jiri da farfaɗiya, ka yi tunanin farfaɗiya a kan bene hawa biyu. Wanda ya riga ya saba kar ya ji kunya, ya je asibiti a rage masa a hankali.

Allurar da ake yi a cikin gwiwa fa?

Allurar sitiroyid a gaɓa tana kwantar da ciwo na 'yan makonni, kamar 2 zuwa 10, tana da amfani in gwiwa ta tashi sosai har ta hana atisaye. Ba ta mayar da guringuntsi kuma ba a yawaita ta. Likita ne kaɗai zai yi ta a wuri mai tsafta, kar ka yarda wani ya soka maka allura a gaɓa a shago. Zuƙe ruwa kuma ba ya sa gwiwa ta saba kamar yadda ake faɗa, ruwan yana dawowa ne saboda abin da ya kawo shi yana nan.

Ƙaho, tsaga, sakiya da man zafi?

Man zafi da gashi da ruwan ɗumi ba laifi, suna sassauta sanƙarewa musamman da hunturu, in kuma ta kumbura bayan aiki ƙanƙara a cikin tsumma minti 15 ta fi. Amma duk abin da zai huda ko ya ƙona fata a kan gaɓa ina roƙonka ka bari, tsakanin fatar gwiwa da cikin gaɓa ba nisa, ga kuma haɗarin ciwon hanta in aska ɗaya ake yi wa kowa. Ɗori kuma na karaya ne, nan ba abin da ya karye, ɗaure gwiwa makonni sai dai ya ƙara sanƙarar da ita.

Sallah da banɗaki suna ba ni wahala, ya zan yi?

Addini ya yi sauƙi a nan, hadisin Imrana bin Husaini sananne ne, ka yi a tsaye, in ba ka iya ba a zaune. Mutane da yawa suna iya tsayuwa da ruku'u, sujada da zaman tahiya ne matsalar, ka tambayi malamin unguwarku yadda za ka haɗa da kujera. Masai na tsuguno kuma akwai kujerar da ake ɗorawa a kai, ko kafinta ya haɗa maka, ka sa a kafa ƙarfen dafawa a bango, kai da ke ginin mutane wannan aikin awa ɗaya ne a wurinka.

Ni ba ni da ƙiba, maganar rage nauyi ta shafe ni?

In ba ka da ita a'a, ka ci ka ƙoshi ma don tsoka. Amma ogogi da manyan birkiloli da suka fara ajiye tumbi ta shafe su, kowane kilo ɗaya da ka rage yana sauke kusan kilo huɗu daga kan gwiwa a kowane taku, kuma rage kashi 10 cikin 100 na nauyin jiki yana kawo sauƙin da ake ji sosai.

In aka canja min gwiwa zan koma gini?

Ana yin aikin a Najeriya, Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da na Igbobi a Legas da na Inugu da wasu asibitocin koyarwa, kuɗinsa kuma miliyoyi ne. Ana yinsa ne in ciwo ya hana barci da tafiya kuma sauran hanyoyin sun gaza. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan 82 cikin 100 na gwiwoyin da aka canja suna kaiwa shekara 25. Yana cire ciwo ga mafi yawa, amma kusan mutum ɗaya cikin biyar yakan ci gaba da jin wani ciwon, kuma da yawa ba sa jin daɗin durƙuso bayansa. Mai duba aiki zai iya komawa cikin kamar wata uku, mai aikin ƙarfi ya fi haka, tayil da ɗaukar kankare zuwa bene kuwa gaskiya kar ka sa rai. Ga masu ƙarancin shekaru da gefe ɗaya kawai ya cinye akwai wani aikin da ake yanka ƙashin ƙwauri a daidaita shi don nauyi ya koma lafiyayyen gefen, ka tambayi likitan ƙashi ko ka dace da shi.

Akwai diyya ga wanda aiki ya lalata wa gwiwa?

A takarda akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, hukumar NSITF ke riƙe da asusun, mai ɗaukar aiki ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa, kuma ta shafi rauni da cutar da aiki ya jawo. Mai aiki da babban kamfani ya tambaya ko an yi masa rajista, kuma duk raunin da ya samu a wurin aiki ya sa a rubuta a ranar ya ajiye katin asibiti. Amma mafi yawan masu ginin gidajenmu ba takarda ba rajista, da yamma ake sallamar kowa, don haka abin da ya fi kusa da hannu shi ne inshorar lafiya ta jiha, irin KSCHMA a Kano, da asusun ƙungiyar magina in ana zubi da gaske.

Ni ɗan kwangila ne, ina da tsohon birkila da ya fara ɗingishi, ba na son korarsa amma aiki na tafiya a hankali.

Alhaji, Allah ya saka da alheri da ka yi tambayar. Ka lissafa nawa kake asara in yaro ya yi maka gini a karkace aka rushe, za ka ga darajar dattijon. Ka ba shi awo da saiti da duba layi da koyar da yara, ka bar shi a ƙasa ko a hawa ɗaya ba yawan sauka, ka haɗa shi da lebura mai miƙo masa kaya. Ka sayi takalmin gwiwa da baro da kura da igiya, ka sa a yi matakala mai faɗi da abin dafawa, ranar dakin ka ƙara hannu a riƙa karɓa-karɓa, ruwan sha kuma ya wadata. Kuma ka faɗa da bakinka a gaban kowa cewa wanda ya ce gwiwarsa na ciwo ba zai rasa aikinsa ba, in ba su ji daga gare ka ba ba wanda zai faɗa.

Maigidana birkila ne, da dare ba ya barci don ciwon gwiwa amma ya ƙi asibiti, kullum sai ƙwaya. Me zan yi?

'Yar'uwa, yawanci tsoro biyu ne, kar a ce masa ya daina aiki da kuma kuɗin yinin da zai rasa. Ki nuna masa cewa ba hana shi aiki za a yi ba, ki zaɓi ranar da ba fita, ku fara da babban asibitin da ke kusa ba sai Dala ba, in da buƙata su za su tura ku. Ki tattara duk ƙwayoyin da yake sha har da ƙullin kemis ki tafi da su a leda, ki roƙa a auna masa hawan jini da suga da aikin ƙoda tunda ya daɗe yana sha. Shi kuma ya faɗa wa likita ainihin aikinsa, awa nawa a tsugune, bene hawa nawa, buhu nawa a yini, kar ya tsaya a "ina aikin gini", kuma kafin ku fito ku nemi takardar zuwa sashen fisiyo. In ba ya jin maganarki a kan wannan, ki samu yayansa ko ogan da ya koya masa aiki ya yi masa magana.